Murhun Inna Kulu Mai Ƙafa Uku

Na yi shekara ashirin da 'yan kai a kicin ɗin makarantar kwana ta 'yan mata, amma ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce wata Laraba da na zauna a kan turmi ido rufe, ina sauraron tuƙin tuwo da kunne. Ku da kuka shigo aikin nan bayanmu kun tarar da murhunan ƙarfe a jere, kuna tsammanin da su aka gina kicin ɗin. Ba haka ba ne. Bari in gaya muku yadda na farkonsu ya samu, don in ban faɗa da bakina ba wata za ta faɗa ta ƙara gishiri.

Makarantarmu tana kan hanyar da ta tashi daga Tambuwal ta nufi Kebbe. Ga wanda bai san tsarin ba, ma'aikatan kicin kashi biyu ne. Akwai na dindindin, masu takardar ɗauka, waɗanda ba a sallamarsu sai an bi matakai. Akwai kuma 'yan wucin gadi, waɗanda makaranta ke ɗauka da baki, ta kuma sallama da baki. Mu biyar ne a lokacin, biyu na dindindin, uku na wucin gadi. Ni ce shugabarsu. Sama da ni akwai mataron, sama da ita firinsifal. Kowace mace da tukunyarta, kowace tukunya da ɗakin kwanan ɗaliban da take ciyarwa. In tuwon wani ɗaki ya yi gudaji ba a tambayar wa ya tuƙa. An sani.

Tuwon makaranta kuwa ba irin na gida ba ne. Tukunyar dalma ce wadda ƙaramar yarinya za ta shige ciki ta ɓuya, muciyar kuma ta kusa tsawon taɓarya. Za ki yi talge ki rufe ya tafasa, sannan wata ta riƙa zuba gari ke kina tuƙi. Daga nan aiki yake farawa. Da tuwo ya yi tauri sai tukunya ta fara bin muciya, tana juyawa a kan duwatsun murhu. Dole ki tokare kunnenta da guntun itace, ki danne itacen da ƙafa ɗaya, ki sunkuya ki ja muciya da hannu biyu, hayaƙi na dukan fuskarki. Mutane suna zaton hannu ne ke fara gajiya. Ƙugu ne.

Inna Kulu ita ta koya mini wannan aiki. Na tarar da ita a kicin ɗin, gajeruwar tsohuwa mai ƙaton damtse, bakinta ba ya rabo da goro da baƙar magana. Duk daɗewarta 'yar wucin gadi ce, don lokacin da ake ba da takardu ba ta da wanda zai tsaya mata. Da wannan aiki take riƙe da jikoki uku da ɗanta ya rasu ya bar mata. A shekarar da nake ba ku labari ƙugunta ya ƙi. Tana iya tsayawa, tana iya tafiya, tana iya ɗaukar bokitin ruwa. Sunkuyawa ce dai ta gagara. In ta sunkuya sai an kama ta an miƙar.

Abin da na yi shi ne, na riƙa gama tukunyata da wuri in koma kan tata. Ita ta yi talge ta zuba gari, ni in tuƙa. Wata huɗu muna haka ba wanda ya sani a ofis, ko kuma sun sani sun kau da kai. Sai aka yi mana rasuwa a Kebbe na tafi kwana biyu. A rana ta biyu Inna Kulu ta ƙi yarda kowa ya taɓa tukunyarta. Tuwo ya yi gudaji, rabinsa ɗanye, 'yan ɗaki guda suka ƙi ci, suka tafi karatun yamma da yunwa.

Ina dawowa ranar Laraba aka ce firinsifal na kirana. Ban tsaya wanke ƙafa ba.

"Luba, zauna," in ji ta.

"A tsaye ma nika ji, Hajiya."

"Tun yaushe kike tuƙa wa Inna Kulu?"

Na ce, "Hajiya, tun ba ki gama firamare ba wagga mata ka tuƙa tuwo nan makarantar. Wata fuɗu don na kama mata shi na abin magana?"

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Na san shekarunta, kuma ina ganin girmanta. Amma ke ba ƙarfe ba ce. Ranar da kika kwanta, yara su kwana da yunwa ke nan? Iyayensu ni suka ba amana, ba ke ba. Na ba ku mako biyu. Laraba ta sama da wadda za ta zo zan shigo kicin da kaina. In ta tuƙa tukunyarta ta zauna. In ba ta iya ba, zan sallame ta cikin mutunci, in ɗauki wata."

Na fito ina ƙunƙuni, amma a cikin raina na san gaskiya ta faɗa. Abin da ya fi ci mini rai ke nan.

A bakin sito na ci karo da Malam Sahabi. Shi ne mai kula da siton abinci, Bafillace dogo siriri, gidansa a Tambuwal, daga can yake zuwa kullum a kan babur. Ina ganin ƙimarsa, don lokacin da na shiga ajin yaƙi da jahilci na haura arba'in, mutane na dariya, shi ne yake tsayar da ni ya sa ni karanta rubutun jikin buhu da gwangwani har bakina ya faɗa. Amma yana da wata cuta guda. Mutumin nan in ya ga ƙarfe a yashe a kan hanya sai ya tsaya ya ɗauka. Ya sayi tsohon injin walda ya ajiye a bayan zaurensa, Asabar da Lahadi yana can yana ƙwanƙwasa. Ba sana'a ba ce, bai taɓa sayar da ko cokali ba. Danginsa suna yi masa ba'a, wai ya bar sandar kiwo ya ɗauki guduma. Ya taɓa ƙera wa ofis kujera mai naɗewa wadda ta matse wa mataimakin firinsifal yatsa, da injin ɓarar gyaɗa da ke fitar da ita a dake kamar za a yi ƙuli.

Na zayyana masa abin da ya faru. Ya shafa gemu, sannan ya ce, "Hannunta lahiya?"

"Hannunta ya fi naka."

"To ba ita ad da laifi ba, murhu na. In tukunya ta tashi sama, kuma an riƙe ta ba ta juyawa, mi za ya sa ta sunkuya?"

Na dube shi. Na tuna da yatsan mataimakin firinsifal. Amma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa yake yi. Na ce ya gwada.

Kwana goma ya ɗauka. Ranar Asabar da hantsi sai ga shi a bayan motar da ke kawo mana itace, ya riƙe wani abu kamar amarya. Aka sauke. Ƙafa huɗu kamar tebur, da zobe a sama inda tukunya za ta zauna, ya shafe shi da fenti shuɗi har yana ƙyalli. Mu uku muka ɗaga tukunya muka ɗora. Aka kira Inna Kulu. Ta zo ta tsaya kusa da shi, bakin tukunya ya zo mata daidai haɓa. Ta ɗaga kai ta dubi tukunya, ta dubi Malam Sahabi da ke tsaye a ƙofa, ta tauna goronta.

"Ɗana," ta ce, "wanga na raƙumi na?"

Mata suka fashe da dariya har Jummai, ƙaramarmu, ta zauna a ƙasa. Na ce, "Malam, da mi ka auna?"

Ya sunkuyar da kai. "Da kaina na auna, sai na rage taƙi guda."

"Kai da ita tsawonku ɗaya na?"

"Haba Luba, ƙaƙa zan sa ma uwata tef ga ƙugu?"

Kun ji kuskuren. Mutumin da ke auna ƙarfe har kaurin silin gashi, kunya ta hana shi auna tsohuwa. Kuma tun da yake aiki a makarantar bai taɓa taka cikin kicin ba, iyakarsa ƙofa, wai wurin mata ne. Saboda haka bai san daɓenmu na ƙasa ba ne, duk tudu da kwari. Abin nasa da aka ajiye sai ya kama ɗingishi, ƙafa uku a ƙasa, ɗaya a iska. Muka cusa tsingaro a ƙarƙashinta, muka zuba ruwa a tukunya don gwaji, na taka kujera na sa muciya na ja sau biyu. Tsingaro ya fice, murhu ya karkace, ruwa ya kwararo ya jiƙa mini zane har gwiwa. Ba zan maimaita abin da na faɗa a ranar ba a nan, don yara na karantawa. Malam dai ya sa aka mayar da kayansa mota.

Saura kwana huɗu. Da yamma raina ya huce, na sami kaba na kira Inna Kulu bayan kicin. Na ce ta tsaya yadda ba ta jin ciwo. Na auna daga ƙasa zuwa cibiyarta na ƙulla. Na ba ta muciya ta riƙe yadda take so, na duba inda hannunta ke sauka. Na auna zurfin tukunya na ƙulla wani ƙulli. Tana ta mita wai likkafani nake auna mata tun tana da rai. Na ba direban itace kabar ya kai wa Malam, tare da saƙon cewa bakin tukunya kada ya wuce ƙullin farko ko da ƙwayar gero.

Ranar Litinin Malam ya gaya mini ya yanka ƙarfe, amma haɗawa sai da mai riƙe masa, kuma ba ya son ya sake yin aikin makanta. Ranar Talata bayan an kwashe abincin rana na nemi izni wurin mataron. Muna da wata tsohuwar tukunya da ta huje, girmansu ɗaya da ta Inna Kulu. Na tsayar da kabu-kabu biyu, ni a ɗaya, tukunya ɗaure a ɗayan, muka nufi Tambuwal mutane na kallonmu kamar masu kai gara.

A hanya na gama tsara abin da zan yi gobe, ko murhu ya yi ko bai yi ba. Ni zan zuba mata gari. Zan tsaya tsakaninta da firinsifal. In tuwo ya kai wurin tauri, sai in karɓi muciya da sunan zan kankare gefe, in yi mata ja goma masu kyau in mayar. Ban gaya wa kowa ba.

Matar Malam, Hajiya Ai, ta tarbe ni da ruwa da fura. Ta ce, "Gara da kinka zo. Ni na rantse ba ni ƙara riƙe mishi ƙarfe, ya ƙone man gyale biyu." Ta nuna mini hanya ta koma ɗaki.

Wurin aikin nasa rumfa ce ta kwano a bayan zaure. Ban taɓa ganin tarkace mai tsari irin wannan ba. Kowace guduma da ƙusarta a bango, kowane zarto da inda yake rataye, ya zana siffar kowanne da alli don a san wanda ya ɓata. Guntayen rodi a gwangwanin madara, ƙusoshi a kwalba, wani guntun ƙarfen jirgin ƙasa a kan kututture shi ne uwar maƙerarsa. A tsakiya ga ƙarafan sabon murhu a shimfiɗe. Na ƙirga ƙafafu. Huɗu.

"Malam, ba ka daddara ba?"

"Na rage tsawo, ga kabarki nan."

"Ba tsawo nika magana ba. Ƙafa fuɗu kuma?"

"Luba, tebur ƙafa nawa gare shi? Gado fa? Ko saniya Allah fuɗu ya ba ta."

"Saniya tana da gwiwa, in ƙasa ta karkace ta lanƙwasa. Naka ƙarfen yana da gwiwa? Tun kaka da kakanni ka taɓa ganin mace ta kafa murhu da dutse fuɗu?"

Ya ce wannan al'ada ce kawai. Ban tsaya jayayya ba. Na ɗauki rodi uku na ɗaure kawunansu da igiya, na kai su bakin kwata inda ƙasa ta fi lalacewa, na buɗe ƙafafun na kafa. Suka tsaya cak. Na matsar da su kan tudu, suka tsaya. Na ce ya ƙara na huɗu. Ya cusa, ya gyara, ya sake gyarawa. Duk yadda ya yi sai ɗaya ta rataye ba ta taɓa ƙasa ba. Ya tsuguna yana kallonsu har na fara tunanin ko na ɓata masa rai. Can sai ya tuntsure da dariya, ya buga cinya.

"Wallahi na karanta wanga abu cikin littafin lissafi tun ina saurayi! Ban taɓa haɗa shi da murhun uwata ba."

"To yau ka haɗa. Tashi, rana na tahiya."

Daga nan ne na ga aikinsa, kuma dole in ba shi haƙƙinsa. Ni na san uku, amma ban san yadda uku za su ɗauki tukunya cike da tuwo a sama ba. Shi ya buɗe ƙafafun daga ƙasa kamar tsayuwar ɗan kokawa, ya ɗaure su da tokara a tsakiya. Ya yanko gindin duro ya huhhuda shi, ya kafa a ƙarƙashi don itace ya tashi ya bi tukunya, ni na ce masa tazarar ta zama taƙi ɗaya da rabi, in ta wuce haka wuta lasar iska za ta yi. Sannan ya ɗauko wasu ƙarafa biyu na sifirin ɗin mota, ya gasa ya lanƙwasa su kamar ƙugiya, yadda za su faɗo kan kunnuwan tukunya su damƙe. Sau uku muna ɗora tukunyar nan muna saukewa kafin ya yarda. Yana aiki yana magana da ƙarfen a hankali kamar mai lallashin maraƙi.

Da aka zo haɗawa ya ba ni awartaki in riƙe, ya miƙo mini wani baƙin gilashi. Ya ce, "Ki sa wanga ga ido, ko ki juya fuska. Kada ki kalli wutag ga."

Na ce, "Shekara nawa nika kallon wuta safe da rana? Ba ta ci idona ba sai wagga 'yar tartsatsi?"

"Ba irin taku ba ta. Na gaya miki."

Na karɓa don ya yi shiru. Yana sauke murfin fuskarsa na ajiye gilashin a cinya, don da shi ba na ganin abin da na riƙe. Shi kuma a cikin murfin nan ba ya ganin komai sai bakin sandar waldarsa. Kuma gaskiya abin yana da kyan kallo. Wata wuta ce fara mai shuɗi, ƙarfe na narkewa a ƙarƙashinta kamar man shanu, biyu su zama ɗaya kana gani. Na ƙura mata ido tun daga ƙafar farko har ƙugiya ta ƙarshe. Muka gama kafin magariba. Ya hau kan zoben da kansa ya yi tsalle, ko gezau. Na koma gida ina jin kaina kamar ni na ƙera jirgi.

Da asuba na farka na kasa buɗe ido. Kamar an kwaɓa yashi da barkono an cusa mini. Hawaye na zuba ba kuka nake ba, hasken fitila ma kamar allura. Jummai ce ta ja ni zuwa wurin nas ɗin makaranta. Nas ta ɗiga mini magani ta ce zai warke cikin kwana ɗaya ko biyu, amma yau in rufe shi da tsumma in zauna a inuwa. Ina fitowa na ji muryar Malam Sahabi, ya iso da murhu.

"Subhanallahi! Luba, kallo kinka yi?"

"Kada ka ce ka gaya man. Na sani."

"Ban ce komai ba."

"Na ji ka kana shirin cewa."

Aka kife mini turmi a bakin ƙofar kicin na zauna. Duk shirin da na yi a kan kabu-kabu ya tashi a banza. Makauniya ba ta zuba gari, balle ta karɓi muciya a ɓoye. Na ji ana kafa murhu, na ji ƙarar ƙugiyoyi sun faɗa kan kunnuwan tukunya. Na ji an hura wuta, fentin da ya rage yana ƙauri. Na kira Inna Kulu na ce ta matso in gaya mata wata magana. Ta ce, "Bari sai na gama, aiki gare ni."

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na ji takun takalmi biyu da ƙamshin turare. Firinsifal ce da mataron. Aka gaisa. Ta tambayi abin da ya sami idona, Jummai ta gaya mata, na ji mataron tana danne dariya. Aka ba su benci suka zauna.

Ni dai kunne na kasa. Wanda ya daɗe a kicin ya san tuwo da sauti. Na ji talge yana ɓalɓala, na ji an buɗe murfi. Inna Kulu ta yi bisimilla ta ce, "Jummai, zuba." Gari ya fara sauka, shuu, muciya na zagayawa da sauƙi. Wannan ba komai ba ne, ko yarinya za ta iya. Sai sautin ya fara nauyi. Muciya ta daina zagaye ta koma ja da dannawa, kowane ja da nishinsa. Na jira in ji ƙarar da na saba ji, ta gindin tukunya yana goga dutse yana juyawa. Ban ji ba. Na ƙirga a raina, goma, ashirin, talatin. A nan ne wata huɗu nake karɓa.

Sai muciya ta tsaya.

Kicin ya yi tsit, ba abin da ke motsi sai wuta. Na miƙe daga kan turmi ina laluben ƙofa, ban ma san me zan yi ba in na isa.

"Zamna, makauniya," in ji Inna Kulu. "Zane nika gyarawa."

Na koma na zauna. Ta tofa goro, ta ce, "Ƙara gari, ɗiyata, wanga ai kunu na." Muciya ta ci gaba, yanzu da sauri, tana dukan gefen tukunya fat, fat, fat, irin dukan da na sani tun ina sabuwar zuwa, wanda na daɗe ban ji ba. Ban san tsawon lokacin da ta ɗauka ba. Na dai ji ta yayyafa ruwa ta rufe don ya sulala, ta ja dogon numfashi, ta ce wa Jummai ta kawo mara.

Firinsifal ta ce a yanko mata daga tsakiya, a kuma yanko daga gindi. Na san abin da take yi, tana murzawa da yatsa tana neman gudaji. Shiru ya yi yawa har na kasa haƙuri.

Na ce, "Hajiya, ni ba ni gani. Ki yi magana."

Ta ce, "Mataron, a ɗan sam mini miya." Sai da ta ci loma uku, ina jin ta, sannan ta ce, "Inna, Allah ya ƙara lafiya. Tukunyarki taki ce." Ta juya wajen taga, inda Malam yake laɓe tun ɗazu, ta ce, "Malam Sahabi, saura huɗu. Makaranta za ta sayi ƙarfe. Kowace mace a auna nata da tsawonta. Luba za ta auna, amma a ɗaure mata gilashin nan a ka da igiya."

Bayan sun tafi an kwashe abinci, Inna Kulu ta zo ta zauna a ƙasa kusa da turmina. Ta kwance tsumman idona ta jiƙa shi da ruwan randa ta mayar. Hannunta yana ƙamshin hayaƙi.

Ta ce, "Mi kika son gaya man ɗazu?"

Na ce ba komai.

"Ƙarya kike. Cewa za ki yi in haƙura ba ki iya karɓa mani yau. Na san ki, Luba, ni na raine ki wurin wanga aiki. Da idonki biyu da kin fizge muciya gaban Hajiya, ita ko ba wawuya ba ta, da ta gani. Da yanzu ina gida." Ta gyara mini ɗaurin tsumman. "Wata fuɗu kina tuƙa man ina tsaye kamar baƙuwa. Na gode, Allah shi biya ki. Amma ban ji daɗin ko kwana ɗaya ba."

Ina da hujjar zubar da hawaye a ranar, ba wanda zai ce kuka ne.

Inna Kulu ta ƙara shekara huɗu a kan wannan murhu, har babbar jikarta ta gama makaranta, sannan ta ajiye muciya da kanta, ranar da ta ga dama.

Ga abin da nake so ku ɗauka, musamman ku da za ku shugabanci wasu. In abokiyar aikinki ta fara gazawa, tausayi zai ce ki ɗauke mata aikin. Na yi haka, kuma ina ganin kaina mai kirki, ashe tsohuwar nan nake mayarwa abar tausayi a wurin da ta fi kowa iyawa. Tambayar da ta dace wani mai sito ne ya yi ta, wanda bai taɓa tuƙa ko tuwon mutum ɗaya ba: ina ne daidai ya gaza, kuma me za a gyara don ta yi da kanta? Shi ma bai iya shi kaɗai ba sai da ya tsuguna ya saurari abin da matan kicin suka sani. Ku duba kayan aiki kafin ku yanke wa ma'aikaciya hukunci, kuma in kun gyara mata, ku matsa gefe ku bar ta ta yi.